Wa Zai Yafe Hakkin Hanya?

A unguwannin awon igiya na gefen Kano, irin su Rimin Kebe da wasu sassan Ɗorayi, gona ake yankawa fuloti-fuloti, mai gona da dillali su bar wa hanya abin da suka ga dama. Sai mai gini ya ci taku biyu ya fitar da shago, maƙwabcinsa ya haƙa sokawe a waje, na ƙarshe ya ja katanga ya rufe layin baki ɗaya. Kafin yaran unguwar su yi aure, layin da ya kamata ya ɓulle titi ya zama lungu marar mafita. Motar kashe gobara sai ta tsaya daga nesa. Mai naƙuda kuwa riƙo ta ake yi har inda adaidaita sahu zai iya shigowa.

Abin da ke damuna shi ne: wa aka zalunta? Idan ka ci gonar wani, ka san ƙofar da za ka je neman gafara. Wanda ya ci hanya fa? Masu hakkin sun haɗa da mai tallar koko, da almajiri, da masu ɗauke da makara, da jaririn da ba a haifa ba tukuna. Ba za su taɓa taruwa wuri guda su ce sun yafe ba.

Addini bai bar maganar a sake ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci, idan an yi jayayya a kan hanya, a bar mata zira'i bakwai. Kawar da abin cutarwa daga hanya ma an lissafa shi cikin rassan imani. To ina ga wanda shi da kansa ya dasa cutarwar da bulo da siminti?

Kada a ce laifin talaka ne kawai. A sababbin rukunin gidaje na masu hali, ƙofar ƙarfe ake kafawa a bakin layi saboda tsaro, kuma tsoron nasu gaskiya ne. Amma Kano ta san ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, kuma ganuwar nan gari guda ta kewaye, mutum ya shiga ta Ƙofar Mata ya ratsa Kurmi da ƙafa ya fita ta Kabuga. Yau kowane layi da tasa ganuwar, tsohuwar da za ta gaida jikarta a bayan katanga sai ta yi zagaye ta biya kuɗin mota.