Laimar Kwaɗi Da Hukuncin Kuɗin Goro

Ya kai mai karatu, idan damina ta yi nisa, ruwa ya kwana biyu yana zuba, za ka wayi gari ka ga wasu 'yan fararen abubuwa sun ɓullo a gindin bishiya, ko kan juji, ko a jikin suri. Jiya babu su, yau ga su tsaye da 'yan hulunansu. Wasu na ce musu laimar kwaɗi, wasu naman kaza. Da yawanmu tun muna yara aka ja mana kunne: kar ka taɓa, dafi ne. Shi ke nan, an yanke hukunci, an rufe shari'a, ba a ko saurari wanda ake tuhuma ba.

To, tambayar da nake son mu tauna ni da kai a wannan wata ita ce: yaushe ne guje wa dangi gaba ɗaya saboda laifin ɗaya daga cikinsu yake zama hankali, yaushe kuma yake zama zalunci? Na zaɓi laimar kwaɗi ne domin ita ba ta da ƙabila a cikinmu, ba wanda zai yi fushi saboda ita, don haka za mu iya duba maganar da sanyin zuciya.

Da farko dai, wace ce ita? Ba tsiro ba ce, ko da yake daga ƙasa take fitowa. Danginta su ne fumfunar da ke kama burodi da tuwon da ya kwana, da yis ɗin da ke kumbura fanke da waina, da burtuntunar da ke baƙanta zangarniyar dawa, da abin da ke kawo makero da ƙyasbi a fata. Masana na kiransu fangas. A 1969 wani masani Ba'amurke, Robert Whittaker, ya ware musu masarauta tasu daban da ta tsirrai, daga baya kuma bincike ya nuna sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Ba sa haɗa abinci da hasken rana kamar ganye. Narkar da abin da ke kewaye da su suke yi, su tsotse. Waɗanda aka sa wa suna sun kai kimanin 150,000, amma ana ƙiyasin jimillarsu ta haura miliyan 2. Ka ga ke nan dangin da muka yi wa kuɗin goro ko kashi ɗaya cikin goma nasu ba a gama sani ba.

Ita laimar da kake gani kuwa 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikin yana cikin ƙasa, zare-zare ne sirara da suka fi gashi ƙanƙanta. Su ne ke ruɓar da matattun itatuwa da ganyaye su mayar da su taki. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in tsirran duniya suna da wata yarjejeniya da su a saiwa: zaren ya kawo wa tsiro ruwa da gishirin ƙasa, tsiro ya biya shi da sukari. Geronka da dawarka da masararka duk suna cikin wannan ciniki, kai kana barci.

Amma kada mu yi saurin yi wa iyayenmu dariya. Tsoron da suka dasa mana yana da hujja. A Turai akwai wata laima, Amanita phalloides, wadda Turawa suka laƙaba wa suna hular ajali, kuma ta bazu har Amurka da Ostireliya. Ita ce sanadin mafi yawan mace-macen da ake samu ta cin laima a duniya. Dafuwa ba ta kashe dafinta, shanya ma haka. Wanda ya ci ba zai ji komai ba sai bayan awa 6 zuwa 24, sannan amai da zawo su sarƙe shi. Daga nan sai ya ji sauƙi, a ce ya warke, alhali hanta ce ke mutuwa a hankali. Kuma babu wata dabarar gida da ke tona ta. Masu cewa in dabba ta ci to mutum ma zai ci, ko in cokalin azurfa bai yi baƙi ba to lafiya lau, duk ruɗin kai ne.

A jihar Kalifoniya ta Amurka an sha kwantar da baƙi 'yan kudu maso gabashin Asiya a asibiti saboda wannan laima. Dalili? A ƙasashensu akwai wata mai daɗi da ake nomawa a kan ciyawar shinkafa, wadda tun tana ƙarama take kama da hular ajali sak. Sun ga mai kama da ta gida, suka amince. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Wato kuɗin goro iri biyu ne: akwai na ƙi, akwai na so, kuma na son ma yana kisa. Saboda haka uwar da ta ce wa ɗanta kar ya taɓa, gaskiyarta. Kai ma, mai karatu, kada ka kuskura ka ci wadda ka tsinta a daji don ka karanta wannan shafi.

To amma me uwar nan take nufi a haƙiƙa? Idan ka tona maganarta, cewa take: "Ban iya bambance su ba, don haka mu bar su duka." Wannan magana ce a kan iyakar saninta. Matsalar tana farawa ne ranar da maganar ta rikiɗe ta koma: "Dukkansu dafi ne." Ta farko gaskiya ce da tawali'u. Ta biyu ƙarya ce da ta sa rigar ilimi. Nau'o'in laimar da ake ci sun haura 2,000, masu kisa kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Maƙwabtanmu Yarabawa na kiranta olu, Ibo na ce mata ero, suna zuba ta a miya suna lashe hannu. Ko gara ma ta riga mu: wasu nau'o'inta noman fumfuna suke a cikin suri, suna kai mata tattaunannen itace, ita kuma ta narkar musu su ci. Laimar da wannan fumfuna ke fitarwa da damina na cikin mafiya daɗi a Afirka, a Zambiya har akwai wadda faɗin hularta kan kai kusan mita guda. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.

Ba mu kaɗai ke da wannan ƙyama ba. A 1927 wani Ba'amurke, Gordon Wasson, ya fita yawo a daji da amaryarsa Valentina, haifaffiyar Rasha. Tana ganin laimomi ta hau tsinka da murna, shi kuwa ya ƙi ko ɗanɗana girkin, yana ganin zai wayi gari gwauro. Gari ya waye tana nan garau. Abin ya tsaya musu a rai har suka shafe shekaru suna bincike, a 1957 suka fitar da littafi inda suka raba al'ummu gida biyu, masu son laima irin Rashawa da masu tsoronta irin Ingilishi. Ashe abin da kowannensu ya ɗauka hankali ne, gado ne kawai ya tashi ya tarar. Har gobe tsoron na da kasuwa. Masu kallo za su tuna The Last of Us na 2023, inda fumfuna ke mayar da mutane dodanni. Gaskiya ne akwai wadda ke juya ƙwaƙwalwar tururuwa haka, sai dai ba ta iya yi wa ɗan'adam.

Yanzu ga inda maganar ta fi zafi, kuma ta shafi rumbunmu kai tsaye. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Bincike ya gano wata fumfuna ce, Aspergillus flavus, ke zuba wani dafi da aka sa wa suna afulatoksin. Tana kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, dafinta kuma na jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A 2004 a Kenya mutum 317 suka kwanta saboda gurɓatacciyar masara, 125 suka rasu. In akwai gidan da ya cancanci a tsine masa gaba ɗaya, ai wannan ne.

Sai dai tsaya ka ji 'yan gidan. Shaƙiƙiyarta, Aspergillus oryzae, wadda da ƙyar ake bambance su, ita mutanen Japan suka yi ɗaruruwan shekaru suna sarrafa waken suya da shinkafa da ita, har a 2006 ƙungiyar masu wannan sana'a ta naɗa ta fumfunar ƙasa. Wata 'yar gidan ce ke samar da ɗan tsamin da ke cikin lemon kwalbar da kake sha. Daga wata kuma aka samo maganin rage kitsen jini. Babban abin mamakin ma shi ne, a cikin ita flavus ɗin kanta akwai waɗanda ba sa yin dafi sam. Masu bincike a cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da ma'aikatar gona ta Amurka, suka zaƙulo irin waɗannan daga ƙasar Nijeriya, suka shafa su a jikin ƙwayar dawa, suka sa masa suna Aflasafe. Manomi ya watsa a gona kafin amfani ya yi fure, marasa dafin su riga masu dafin kama wuri, dafin ya ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Ka ji fa: maganin mugun gida daga cikin gidan ya fito. Da an ƙone dangin duka, da an haɗa da maganin. Haka da Alexander Fleming ya watsar da farantin gwajinsa a Landan a 1928 don kawai ya yi fumfuna, da ba ta hannunsa aka samu fenisilin ba.

To, mu dawo kan mutane, domin ka san can na dosa. Sau nawa ka ji an ce 'yan gari kaza maƙaryata ne, ƙabila kaza mayaudara ne, masu sana'a kaza ba su da tarbiyya, gidan wane ba a auren 'yarsu? Mai faɗin haka zai kare kansa da cewa wake ɗaya ke ɓata gari, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Zai ce ba shi da lokacin tantance kowa, rigakafi ya fi magani. Ban ce ba shi da hujja ko kaɗan ba. Ba wanda ya wajabta maka ka damƙa wa baƙon da ba ka sani ba dukiyarka ko 'yarka.

Amma akwai bambanci biyu da ya kamata ka riƙe. Na farko, in ka ƙi cin laima, ita ba ta yi asarar komai ba. Asarar taka ce, ta miya ce kawai. In ka yi wa mutum kuɗin goro kuwa, shi ke biya: a hana shi aiki, a hana shi haya, a fasa aurensa, ranar da gari ya rikice ma a tare shi a hanya saboda sunansa ko harshensa. Na biyu, laima ba ta zaɓi dafinta ba, duk 'ya'yan hular ajali hular ajali ne. Mutum kuwa yana da zaɓi, shi ya sa ake cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. A Ostireliya a 2023 mutum uku sun mutu bayan cin abincin rana da aka sa wa hular ajali. Da aka je kotu, ba laimar aka tuhuma ba, ba kuma mutanen garin ba. Matar da ta yi girkin aka kama da laifin kisa a 2025, saboda niyyarta. Laifi na mai shi ne, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Saboda haka ga ma'aunin da nake ba ka. Kana da 'yancin ka janye hannunka daga abin da ba ka sani ba, amma ba ka da 'yancin ka yanke masa hukunci. "Ban san shi ba tukuna" ta halatta a bakinka. "Ai duk haka suke" ba ta halatta ba. Kuma ita ta farkon bashi ce a kanka, wato ka nemi sani in dama ta samu. Tsohuwar da ke tsince gyaɗa a faifai tana fitar da ruɓaɓɓu ɗaya bayan ɗaya ta fi mu fahimtar wannan: ba ta zubar da buhu, ba ta kuma daka shi duka. Aikin na da cin rai, amma shi ne adalci.

Kafin ka rufe wannan shafi, ka tuna kai ma ɗan wani dangi ne, kuma a wani gari can akwai masu ambaton danginka su taɓe baki, alhali ba su taɓa ganinka ba. Yadda kake son su dakata su san ka kafin su yi magana, haka na gabanka yake so. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.