Wane Ne Wulakantacce?

A ƙasar Indiya akwai wani tsohon harshe da a ke kira Pali. Yau ba wata uwa da ta ke yi wa ɗanta magana da shi, amma malaman addinin Buda na Siri Lanka da Bama da Tailan suna karanta shi kamar yadda malamanmu su ke karanta Larabci. Da shi aka adana maganganun Buda, wanda ya yi zamani a arewacin Indiya wajen shekara 500 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa. An daɗe ana riƙe da su da ka, sai a ƙarni na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa aka rubuta su a Siri Lanka, a kan ganyen wani irin giginya. Ba addinin mutanen nan za mu tattauna ba. Kalmomi biyu kaɗai za mu ɗauko daga harshensu, domin akwai wata tambaya a cikinsu wadda ta shafi kowane ɗan Adam.

A zamanin Buda an kasa mutane kashi huɗu bisa ga haihuwa. Akwai brahmana, watau masu kula da hadaya da littattafai. Akwai khattiya, sarakai da mayaƙa. Akwai vessa, manoma da fatake. Sa'an nan sudda, barori. Ƙarƙashin waɗannan kuma akwai waɗanda ba a ko son a taɓa su. Gidan da aka haife ka, nan za ka mutu.

To, littattafan Pali sun ba da labari cewa wata safiya Buda yana yawon bara a birnin Savatthi, sai ya doshi gidan wani brahmana wanda ya hura wutar hadaya. Da mutumin ya hango shi, sai ya daka masa tsawa kada ya matso, ya kira shi vasala, watau wulakantacce marar asali. Buda bai rama ba. Tambayarsa ya yi ko ya san ma'anar kalmar da ya furta. Mutumin ya ce bai sani ba, a gaya masa. Sai Buda ya shiga lissafa masa masu wannan suna: mai fushi da riƙo, mai shaidar zur, wanda ya ci bashi aka zo karɓa ya ce ba a binsa kome, da wanda ya ke da wadata amma ya bar iyayensa tsofaffi ba ya kula da su. Haihuwa ba ta cikin lissafin.

Haka ya yi da kalmar brahmana kanta. Samari biyu, Vasettha da Bharadvaja, suka yi gardama ko asali ne ke sa mutum ya zama brahmana ko hali. Suka kai masa. Ya nuna musu cewa itatuwa da ƙwari da kifaye da tsuntsaye iri iri ne tun daga halitta, amma mutane ba su da irin wannan bambanci a jikinsu. Mai noma manomi ne, mai sata ɓarawo ne, sunan kowa daga aikinsa ya ke. Saboda haka brahmana shi ne mai gaskiya da haƙuri da kamun kai, ko ɗan wa ya ke.

Mu ma mun san irin wannan juyi. Dattijo, a asalin kalma, mai shekaru ne. Amma sau nawa mu kan ga mai furfura mu ce ba shi da dattako, mu ga saurayi mu ce dattijo ne?

Dubara ce mai kyau, kuma ni ina ganin akwai gaskiya cikinta. Amma fa sai mu tambaya: idan an sāke wa kalma ma'ana, an sāke wa mutane hali ke nan? A nan ne maganar ta ke da wuya. Duba kalmar vasala da kyau. An ɗauke ta daga kan mai sharar titi an ɗora wa maƙaryaci, amma har yanzu zagi ce, kuma ɗacin zagin daga wurin mai sharar nan ya fito. Kamar mutum ne ya ce, "Ai bawa na ainihi shi ne marowaci." Ya tsawata wa marowaci, gaskiya ne, amma bawan da ke tsaye yana ji, ya san har yanzu sunansa abin zagi ne. Shi kuma brahmana na gado yana iya gyaɗa kai ya ce maganar ta yi daɗi, ya koma gida da gonarsa da girmansa, ba abin da ya ragu.

Tarihi ya nuna wannan tsoro ba na banza ba ne. A Siri Lanka, inda a ka fi ko'ina riƙe littattafan nan, an kafa wata ƙungiyar malamai a 1753, ba da jimawa ba ta ƙi naɗa kowa cikakken malami sai 'ya'yan dangin manoma, waɗanda su ne manya a can. Sai da waɗansu 'ya'yan sauran dangogi suka ƙetare teku zuwa Bama wajen 1800 suka karɓo naɗi. Kullum kuwa suna karanta labarin Vasettha.

Ko da ya ke haka ne, ba zan ce aikin banza aka yi ba, domin shi Buda bai tsaya ga baki ba. An ce da waɗansu 'ya'yan sarauta na danginsa suka zo shiga jama'arsa, tare da wanzaminsu Upali, wanzamin aka fara karɓa. Ka'idar jama'ar kuwa ita ce wanda ya riga shiga shi ne babba. Ka ga ke nan tilas 'ya'yan sarki su durƙusa su gai da wanda jiya ya ke yi musu aski. Sabuwar ma'ana ta sami ƙafar tsayawa ran nan, don an ga gwiwa a ƙasa.

Kalma kuma tana da haƙurin jira. A 1891 aka haifi Ambedkar cikin dangin da ba a taɓawa. Yana yaro a makaranta ba a yarda ya taɓa tulun ruwa ba, sai wani ya zuba masa daga sama. Ya yi karatu a Amurka da Ingila, ya shugabanci kwamitin da ya tsara tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950 ya haramta ƙyamar taɓa mutum. Ya ga doka kaɗai ba ta wanke zukata ba. Ran 14 ga Oktoba 1956, a birnin Nagpur, ya shiga addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan mutanensa, suka furta kalmomin shiga da harshen Pali. Bai cika wata biyu ba ya rasu. Cikin takardun da ya bari har da nahawu da ƙamus na Pali da ya ke haɗawa, gwamnatin jihar Maharashtra ta buga su daga baya.