Hukuncin Murna a Ranar Hawa

Tambaya: Malam, na ji mai wa'azi ya kawo ayar Ƙaruna, ya ce Allah ba ya son masu farin ciki. To mu mutanen Daura da ke fita kallon hawan sallah da hawan Magajiya, mahaya na jinjina, mata na guɗa, mun shiga cikin ayar ke nan?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, ayar da ka ji ita ce ta 76 a Suratul Ƙasasi, kuma nasiha ce mutanen Ƙaruna suka yi masa lokacin da dukiya ta sa ya ɗauki kansa wani abu. Malaman tafsiri sun fassara farin cikin nan da alfahari da dagawa, murnar wanda ke ganin wayonsa ne ya ba shi. Da farin ciki shi kansa aka hana, da aya ta 58 a Suratu Yunus ba ta umarci bayi su yi murna da falalar Allah da rahamarsa ba. Murna halitta ce kamar yunwa da tsoro, zuwa take ba sallama, shari'a kuwa ba ta kama bawa da abin da ba ya hannunsa. Hukunci yana hawa ne kan dalilinta da abin da ta sa mutum ya aikata. Dubi Ka'abu ɗan Maliku, da aka ƙaurace masa kwana 50 bayan yaƙin Tabuka: da albishir na karɓar tubarsa ya iso, ya faɗi ya yi sujada, ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba mai albishir, sai aron wasu ya yi ya tafi masallaci, ya tarar da fuskar Annabi (SAW) tana haske don murna.

Ranar idi kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito Habashawa na wasa da māsu a masallaci, Nana A'isha na kallo ta bayan Annabi. Wani zai ce ai wannan horon yaƙi ne, hawa kuwa ado ne kawai. To 'yan mata biyun da ke waƙa a ɗakinta fa, waɗanda Sayyadina Abubakar ya tsawatar wa, Annabi ya ce a ƙyale su? Su ma yaƙi suke koyo?

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne abin da kan biyo bayan hawa, kuma ban raina shi ba: magidancin da ya ci bashi don kayan doki gidansa ba hatsi, saurayin da ya bugu ya yi sukuwa cikin yara, la'asar da ke wucewa ana tsaye a ƙofar fada. Kowanne haramun ne da sunansa, almubazzaranci, maye, cutarwa, wasa da salla, ko da a ranar makoki aka yi shi. Sallar Gani dai tana jingine da saɓanin malamai kan Maulidi, wannan mas'ala ce dabam. Amma hawan idi, ka fita da iyalinka cikin sutura, ka yi sallarka a kan lokaci, babu laifi a kanka. Wallahu a'alamu.