Kyawun Teku da Haƙƙin Waɗanda Ya Haɗiye

Ya ku ƴan'uwa, teku na daga cikin manyan ayoyin Allah, shi ya sa masu zane da mawaƙa ba su gushe ba suna ɗaukar ilhama daga gare shi. Sai dai akwai abin tambaya: shin ya dace gwani ya ƙawata wurin da aka zalunci bayin Allah?

A shekarar 1781, ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingila mai suna Zong suka jefa ƴan Afirka kimanin 130 cikin teku da ransu, masu jirgin kuma suka nemi diyyar inshora, tamkar haja ce ta salwanta. A 1840, mai zane Turner ya baje hoton wani jirgin bayi a Landan: rana na faɗuwa jajur, igiyoyi na tumbatsa, hannaye da sarƙoƙi na nutsewa. Masani John Ruskin ya kwarara yabo ga ruwan da launukansa, zancen bayin kuwa sai ya tura shi ƙasan shafi.

Turner ba shi da laifi, domin ya tilasta wa ido ganin abin da azzalumai suka so ruwa ya rufe. Haɗarin yana wurin mai kallo, don kuwa kyau yakan shagaltar da zuciya har ta mance da wanda aka zalunta. Saboda haka gwaninta amana ce, kallo ma amana ne. Duk wanda launin ruwa ya burge shi, to ya tambayi kansa su wa ke ƙarƙashinsa.

Allah Ya ba mu idon basira, amin.