Zuwa Da Kai Ko Aike? Tambaya Daga Kasuwar Singa

Tambayar da nake so in ajiye a gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu ita ce: shin ya dace mutum ya riƙa cin abincinsa daga wani wuri, alhali ya ɗauke jikinsa ya kai wani wuri dabam domin ya sha iska? Ba zancen halal da haram nake yi ba, wannan fage ne na malamai. Zancen haƙƙi nake yi, watau abin da wuri yake bin mutumin da ke cin moriyarsa.

Abin da ya jawo tambayar shi ne wata sabuwar hanyar aiki da ta yaɗu tun lokacin annobar korona, wadda ta sa aka kulle Kano a watan Afrilu na 1920 da ɗari, watau 2020. A ƙasashen Turai ma'aikata da yawa sun gane cewa in dai akwai kwamfuta da intanet, ba dole sai sun je ofis ba. Sai mutum ya kama hayar gida a ƙauye, ya yi aikinsa da safe, da la'asar ya hau duwatsu ya je kallon magangarar ruwa. Har ƙasar Estoniya ta fito da biza ta musamman domin irin waɗannan mutane a 2020. To, abin ya iso mu. Na san wani saurayi da ya karanta ilmin lissafin kuɗi, yake riƙe wa wani babban ɗan kasuwa littafi a Kasuwar Singa. Da damina ta sauka sai ya kama ɗaki a wani ƙauye kusa da Kafanchan, ya kafa farantin sola, yana karɓar lissafin shago ta waya, in ya gama ya taka zuwa magangarar Matsirga. Maigidansa bai yi ƙorafi ba, domin ko kwabo bai ɓace ba.

Duk wanda ya san Singa ya san ba wurin hutu ba ce. Tana nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, an ce ta samo sunanta daga kamfanin keken ɗinki na Singer, amma yau abin da aka san ta da shi sarin kayan masarufi ne: buhunan shinkafa da sukari da fulawa, katan-katan na taliya da madara da sabulu, jarkokin man girki. Tirela na sauke kaya, 'yan dako na gudu da buhu a ka, masu baro na ihun a ba su hanya, ga masu sari daga Katsina da Jigawa har Maraɗi da Damagaram. Wanda ya gudu daga wannan hayaniya ya nemi sanyin dutse, ba zan ce ba shi da hankali ba. Wahala ba ibada ba ce, kuma zufa ba ta ƙara wa lissafi daidaito.

Bugu da ƙari, kada mai karatu ya ɗauka aiki daga nesa baƙon abu ne ga Bahaushe. Attajiran Kano na da suna zaune a zaurensu, dukiyarsu tana kan hanyar Gwanja bisa jakuna, madugu da fatake suna watanni kafin su komo da goro. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu a kan bashi, ta hannun maigida mai saukar baƙi, wanda yake tsaya wa kowane ɓangare. Misali mafi kusa ma yana cikin gidajenmu. Matar aure tana cikin kulle, ba ta taka kasuwa, amma tana da jari, tana soya ƙosai, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata har ta fi mijinta kuɗi. Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki. Ashe iyayenmu mata sun riga Bature fara aiki daga gida!

Amma a nan ne gizo ke saƙa. A dubi waɗannan misalai da kyau, za a ga kowannensu yana da ƙafar da ke yi masa tafiya. Attajiri ya zauna ne domin bara da ɗan alaro sun tafi. Uwa ta zauna ne domin yarinya ta ɗauki farantin talla, sau da yawa a lokacin da ya kamata tana makaranta. Haka nan saurayin nan yana iya jin ƙarar ruwan Matsirga ne domin akwai yaron shago da ya ƙirga katan a cikin sito mai zafi, ya ɗauki hoton rasit ya tura masa, akwai kuma ɗan dakon da wuyansa ya san nauyin buhu mai kilo 50. Lamba tana bin waya, buhu ba ya bi. Don haka 'yancin da ake yabo ba na kowa ba ne, na wanda aikinsa ya zama lamba ne kawai. Ban ce wannan zalunci ne ba, amma bashi ne, kuma bashin da ba a ganin mai shi ido da ido shi ya fi saurin shiga mantuwa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin lissafi. A Singa ana ba mutum kaya na miliyoyi ya tafi da su, ya biya bayan mako, ba don ya sa hannu a takarda ba, sai don an daɗe ana ganinsa. An ga yadda ya yi ranar da ya faɗi, an gan shi a jana'izar maƙwabcin shago, an ga ya ba da gudummawa sa'ad da wani ya yi asara. Da gobara ta cinye Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, waɗanda suka tashi daga baya, da yawansu irin wannan sanayya ce ta ɗaga su. Wannan jari ne da ake tara shi da zama, kuma saurayinmu yana ci daga wanda maigidansa ya tara, shi bai zuba nasa ba. Yau yana da albashi. Ranar da zai so ya buɗe nasa shagon, wa zai tsaya masa? Bahaushe bai yi wauta ba da ya ce zuwa da kai ya fi aike.

Sai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi damuna, watau ƙauyen da ya sauka. A al'adarmu baƙo sauka yake yi, ba haya ba. A kai shi wurin mai unguwa, a ba shi masauki, a kawo masa ruwa da tuwo, shi kuma ya san an ɗaure shi da igiyar kunya: zai yi gaisuwa, zai je ta'aziyya, in ana gayya zai riƙe fartanya ko da bai iya ba. Kuɗin haya yana tsinke wannan igiya. Wanda ya biya yana jin ya sauke nauyi, ya rufe ƙofa ya fuskanci kwamfutarsa. To, shin kuɗin ɗaki ya biya haƙƙin maƙwabtaka? Ni dai ban yarda ba. An ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta kwana wata huɗu tana shan ruwan rijiyar mutane ta wuce baƙunta, ba ta kuma kai ɗan gari ba.

Ko magangarar ruwan ma, ba abu ɗaya suke gani ba shi da mutanen wurin. Shi kallo ya zo, ya ɗauki hoto. Su kuwa kogi ne da suke wanki a cikinsa, suke tsoronsa in ya cika a watan Agusta, suke ja wa 'ya'yansu kunne a kansa. Hanyar da yake bi da takalmin hawan dutse domin motsa jini, ita ce mata ke bi da itace a ka tun asuba. Yaron da ke yi masa jagora ya san inda dutse ke da santsi da inda maciji ke kwanciya, sani ne na shekaru, amma sallamarsa ba ta kai kuɗin data na yini guda ba.