Amanar Bakanike da Saitin Ƙafar Bayan Babur

Bel ɗin da ke juya ƙafar bayan babur irin Harley-Davidson, kamar sarƙar baburan 'yan acaba, yana buƙatar ɗauri matsakaici, domin idan ya yi tauri yakan cinye boris, idan kuma ya saki yakan tsallake haƙoran da yake bi. Bakaniken da, wajen saita wannan ɗaurin, ya ja notin gefe guda fiye da ɗayan, har sandar ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kai ta karkace, ba shi da hujjar fakewa da ƙaddara, tunda imani da ita bai yafe sakaci ba. Malaman Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamuni, wato biyan abin da ya lalace a hannunsa, kuma hukuncin ya hau kan irin wannan bakanike.