Layin Mutum Huɗu

A tasha na ga abin. Bas ce mai ɗaukar mutum huɗu a kowane layi, wani dattijo ya riga kowa shiga ya kame bakin taga. Sai ga wata mata da 'ya'yanta biyu. Ta ce ita sai taga, don mota na sa ta amai, kuma ba mai raba ta da yaranta. Yaron mota ya ce, "Hajiya, ku koma layin baya." Kujera uku suka zauna wayam kusa da dattijon. Da ita ta fara shiga, da ya cike ta huɗun, layi ɗaya ya ishe su.

Irin wannan lodin ake yi a katin hoton kwamfuta. Ƙananan manhajoji ne ke lissafa launi da hasken kowane ɗigo a allo, kuma akwai tafinta, wato kwamfaila, da ke juya su zuwa yaren na'ura. Shi ne yaron motar. A ƙa'idar lodi ta std140, wadda ta zo da OpenGL 3.1 a 2009, lamba guda na cin bayit 4. Ita kuwa vec3, mai lamba uku a haɗe, bayit 12 ce, amma ba ta zama sai a adireshin da 16 ke rabawa daidai. Hajiya ke nan. A sa lamba guda kafin ta, an yi asarar bayit 12. A sa ta bayanta, duka sun shige cikin 16. A tasha wasu fasinjoji za su cike gurbin, a nan kuwa ba a komawa baya.

Tafintan da ya riƙe mazaunin kowa yana iya kwaso bayit 16 a tashi ɗaya. In lissafin ya kuɓuce masa, dole ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya, aiki ya yi nawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne saɓani. Mai rubuta manhaja ya jera kayansa a matse, katin ya karanta da giɓi. Ba ƙara, ba gargaɗi, sai dai ja ya fito kore, a kwana ana neman aljanin da ya shiga hoto.

Shi ya sa tsofaffin hannu ke ƙara wa vec3 lamba ta huɗu ko da babu abin sawa a ciki. Jerin lambobi 100 kuwa a std140 bayit 1,600 yake ci, don kowace lamba layi guda na bayit 16 take kamewa; ƙa'idar std430 ta 2012 ta mayar da shi 400.